Inda Ladi Ta Nuna

Yau kwana goma sha tara rabon garinmu Jajaye da ruwan sama. Geron da aka shuka da ruwan farko ya kai taƙi guda ya tsaya cak, da rana ganyensa ya nannaɗe, da asuba ya ɗan warware. Jiya an fita roƙon ruwa, ni ban je ba, gwiwoyina sun daina kai ni filin idi. Ina nan gindin darbejiyar ƙofar gida ina kallon gabas. Hadari ya taso ya yi baƙi ƙirin, iska ta zo ta kwashe shi ta kai wa waɗansu. Yaran yanzu suna ta cewa ba su taɓa ganin fari irin na bana ba, suna duba waya wai ita za ta gaya musu ranar ruwa. Gaskiyarsu, ba su taɓa gani ba. Ni na gani, kuma a shekarar na binne matata Ladi.

Sunana Garba, fawa kuwa gadonta na yi, ba haye ba. Tun ina riƙe wa babana ƙafar akuya yana fiɗa na san abin da Allah ya sa a cikin ciki da yadda ya jera shi. Huhu biyu a ƙirji, zuciya a tsakaninsu. Hanta a dama ƙarƙashin haƙarƙari, matsarmama na maƙale da ita, wadda in ka fasa ta ka ɓata nama kuma ka sha mari. Saifa a hagu jikin tumbi, ƙoda biyu can baya cikin kitse, mafitsara a ƙasa, sai hanji ya cika sauran wurin. Ko an rufe mini ido, in na sa hannu zan gaya maka abin da na taɓa.

A zamanin ba mu da malamin asibiti, sai an je Rogo ko Karaye. Sai mutane suka mai da ni abin da ban kai ba. Mutum zai zo sayen nama ya ɗaga riga ya ce, Garba, nan ke damuna, mene ne a nan? In danna in ce hantarka ce, ko in ce ƙoda ce. Wani lokaci nakan dace. Na taɓa ce wa wani Ardo saifarsa ce ta kumbura, ya je asibiti aka ce saifa ce, ya bi kasuwanni yana ba da labari. Daga nan kaina ya kumbura fiye da saifar Ardo. A wurina mutum da tunkiya tsari ɗaya ne, sai dai shi yana tafiya da ƙafa biyu.

Shekarar da nake faɗa, an doshi shekara arba'in ke nan, ruwa ya sauko da wuri ya yaudare mu. Kowa ya kwashi irinsa ya zuba a ƙasa, tsiro ya fito gwanin sha'awa, sai ruwa ya ɗauke. Zafin da aka yi ya fi na bazara nauyi, in ka fita da hantsi sai ka ji ƙasa tana cin tafin ƙafarka ta cikin takalmi. Shuka ta ƙone. Aka yi ɗan yayyafi muka sake shukawa, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Iri biyu ke nan a ƙasa, kuma daga rumbun da muke ci aka ɗebe su. Kafin tsakiyar damina sai da na shiga rumbuna da tsintsiya ina sharo abin da ya maƙale a ƙasansa.

Abin haushi, ban taɓa yanka da yawa kamar shekarar ba. Shanun Fulanin da ke kewaye da mu suka fara kwanciya. Saniya ta durƙusa a bakin rijiya ta kasa tashi, a aiko da gudu a kira ni kafin ta zama mushe. Nama ya yi araha, masu saye babu. Wa zai sayi tsoka ba shi da tsabar tuwo? Naman ma suna ne kawai. Ka feɗe saniya ka tarar babu ɗigon kitse ko a jikin ƙoda, ɓargo ya tsinke ya zama ruwa, hanta ta motse, tumbi cike da yashi da tsumma. Ina gaya wa abokan hira cewa haka namu cikin yake yanzu, suna jinjina kai, ni kuwa ina jin daɗin ana jinjina mini.

Mu huɗu ne a gida: ni, Ladi, ɗanmu Sani mai shekara biyar, da 'yar goye. Ladi 'yar Kwanyawa ce, doguwa, ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya sai ka wuni kana juya ta. A da tana cikin kulle, yunwa ta buɗe ƙofar, ba wanda ya ce uffan don matan liman ma sun fita. Da asuba in tafi mahauta, ita ta goya yarinya ta bi mata fadama tsinko tafasa da rama. Da hantsi in dawo da abin da ya ƙi sayuwa, yawanci huhu da hanji, ta wanke ta dafa da ganyen, ta barbaɗa dusa tafi guda don ruwan ya yi kauri. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, bayan la'asar. Ta zuba mini, ta zuba wa Sani, ita ta ce ta ci a wurin dahuwa. Na san ba ta ci ba, ban taɓa cewa komai ba. Har yau in na ji warin tafasa a wuta sai in bar wurin.

Sai da damina ta raba sannan ruwa ya dawo. Muka yi shuka ta uku da irin da yayan Ladi, Malam Haruna, ya aiko mana daga Kwanyawa a 'yar ƙwarya. Ta kama, amma ciyawa ta riga ta tashi, ga mutane ba ƙarfi, namiji ya nome kunya biyu sai ya zauna yana ganin duhu. Dattawan unguwa suka tsara gayya ta karɓa-karɓa: duk maza a gonar mutum ɗaya yau, gobe a ta wani. Ba a neman komai wurin mai gona sai abin da za a sa a baki da azahar. In ranarka ta zo ba ka shirya ba an tsallake ka sai an gama zagaye, kafin nan kuwa ciyawa ta gama da kai. Ranata ta faɗo Alhamis.

Ranar Litinin Ladi ta dawo daga fadama ta ce cibiyarta tana murɗa. Ta yi amai sau biyu, ta ƙi abinci, wannan karon da gaske. Na ce tafasa ce, wa cikinsa bai murɗa ba a shekarar? Na jiƙa mata jar kanwa. Talata da safe ta ce ciwon ya bar cibiya ya gangara. Tana kwance a tabarma ta naɗe ƙafar dama, ta kira ni, ta ɗora yatsa ɗaya tak a gefen mararta na dama, tsakanin cibiya da ƙashin ƙugu.

"Nan ne, Maigida. Nan kaɗai."

Na durƙusa na danna yadda nake danna wa mutane a kasuwa. Ta cije leɓe. Da na ɗauke hannu sai ta yi ƙara, ta ce sakin ya fi dannawar zafi. Na shiga jero mata kamar mai wa'azi. Hanta tana sama, saifa tana hagu, ƙoda tana baya, mafitsara da mahaifa suna tsakiya. Wurin da ta nuna babu komai sai hanji da ke wucewa abinsa. Kuma ciwon da yake tashi daga wuri ya koma wani wuri ai iskar ciki ce, abin da yake da mazauni ba ya yawo. Na ƙara mata kanwa, na haɗa da citta.

Laraba Malam Haruna ya zo a kan kekensa ganin yadda irinsa ya yi. Malamin allo ne, mai sanyin hali. Bayan mun gaisa ya shiga wurin ƙanwarsa, ya fito fuskarsa ta canja. Ya ce jikinta da zafi, kuma ba ya son yadda take tafiya a duƙe tana dafe gefe. Ya ce mu kai ta Karaye yau. Na ce gobe gayyata, in mun tafi wa zai tsaya a gona, wa zai dafa wa mutane? Ya ce a roƙi dattawa su musanya mini rana. Da na roƙa da sun yi, ko a lokacin na san haka. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne a ce Garba, wanda gari ke ɗaga wa riga, ya kasa gane ciwon cikin gidansa sai da malamin allo ya zo daga Kwanyawa ya nuna masa. Na ce, Malam, in maganar Ƙur'ani ce ba na ja da kai, amma cikin ciki ka bar mini, na buɗe abin da ya fi gashin gemunka yawa. A bakin ƙofar ɗakin muke, ashe Ladi tana ji.

"Maigida," ta ce daga ciki, muryarta ƙasa-ƙasa, "ka taɓa feɗe mutum?"

Raina ya ɓaci, a gaban yayanta za ta yi mini wannan tambaya. Na saɓa fartanya na fita. Malam Haruna ya hau kekensa ko ruwa bai sha ba.

Alhamis da asuba sai ga Ladi a tsaye tana hura wuta. Ta ce ta ji kamar wani abu ya saki a ciki, ciwon ya lafa. Wallahi har dariya na yi. Na ce kin gani, iskar ta fita, ina ma Malam yana nan. A gona sau uku na ba da labarin. An yi lumshi ranar, ƙasa da laushi, maza suka jeru fartanya na tashi tana sauka, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin, har wani ya sami ƙarfin yin waƙa. Da azahar maƙwabciyarmu ce ta kawo faten, ta ce Ladi ta dafa amma ta kasa ɗauka. Kafin la'asar an nome gonata tas.

Na dawo na tarar da ita kwance, jiki kamar garwashi. Cikin da yunwa ta lotsa ya taso ya yi tauri, ko'ina ka taɓa sai ta zabura. Juma'a gari ya waye da marka, ba tsawa ba iska, zuba kawai. Leɓunanta sun bushe, tana kiran uwarta da ta daɗe da rasuwa. Mutanen da suka yi mini noma jiya su suka ɗauke ta a kan gadon kara, an rufa mata tabarma, wanda ya hango mu sai ya ɗauka makara ce. Muna zamewa a taɓo har Rogo, daga nan motar a-kori-kura ta kai mu Karaye. Malamin asibitin ya taɓa cikin sau ɗaya, ya dube ni, ya tambayi kwana nawa. Na ce biyu. Malam Haruna, wanda labari ya iske ya biyo mu, ya ce biyar. Aka ce aiki ne, sai Kano.

An yi mata aikin ranar Asabar. Likitan da ya fito wurinmu yaro ne, bai kai ni shekaru ba. Ya ɗaga ƙaramin yatsansa ya ce akwai wani ɗan reshe kamar wannan a jikin hanji, ta dama can ƙasa, sunansa afendis. Shi ne ya kumbura, ya ruɓe, ya fashe, ƙazanta ta watsu a cikin. Sauƙin da ta ji ranar Alhamis fashewar ce. Ya ce da an kawo ta Talata ko Laraba da ƙaramin aiki ne. Ladi ta cika ranar Lahadi da hantsi.

Ban yarda ba. A motar da ta dawo da mu, gawarta na gabana, nake cewa a raina, wane reshe? Tun ina yaro nake jan hanji da hannuna kamu-kamu. Akwai dai wata babbar jaka da hanji ke yi a wajen, wannan na san ta, amma ba ta da wani yatsa. Bayan sadakar bakwai na koma mahauta, akuyar farko da na feɗe na zauna na bi hanjinta a hankali. Babu. Na duba a tunkiya, na duba a sa, babu. Sai na sami abin riƙewa: likita ya yanka mini mata ta mutu a hannunsa, ya ƙago sunan Turanci ya rufe mana baki. Haka na gaya wa unguwa, aka yarda, don Garba ne ya faɗa. Haka na gaya wa Sani da ya girma. Ban san mutum nawa labarin nan ya hana zuwa asibiti ba, kuma ba na son in sani.

Geron kuwa ya yi kyau, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Shukar nan ta uku ta cika mini rumbu. 'Yar goyen ba ta kai kaka ba ta bi uwarta, ni da Sani muka ci geron. Malam Haruna bai taɓa yi mini gori ba. Yakan zo duba Sani, mu gaisa, ya yi addu'a ya tafi. Abu ɗaya ne, tun daga shekarar bai ƙara cin naman da na yanka ba, ko na layya na aika sai ya bayar. Ni kuma ban daina dubawa ba. Na yi wani auren, na haifi waɗansu 'ya'yan, amma duk dabbar da ta bi ta hannuna sai yatsuna sun bi wurin nan, ko ina hira ko ina ciniki. Kullum in duba in ga babu, in ji sanyi, in wanke hannu.

Makon jiya jikata Ummi ta zo hutu. 'Yar Sani ce, sunan yankan kakarta aka mayar mata, tana karatun jinya a Kano. Ba ma haɗuwa ba mu yi tsiya ba, ita ta ce na tsufa ta sake ni, ni in ce dama ladanta nake nema. Wata yamma zafi ya koro ta daga ɗaki, ta zo gindin darbejiya ta shimfiɗa wata babbar takarda tana haddar jarrabawa. Hoton mutum ne an buɗe shi daga wuya har mara, kowane abu da launinsa. Na ce yau ga aikina an kai makaranta. Na ɗau sandata ina nunawa, tana faɗar na Turanci ina faɗar na Hausa: maƙogwaro, huhu, zuciya, hanta da matsarmamarta, saifa, ƙoda. Tumbin ne ya ba ni dariya, ɗan ƙarami kamar zabira. Ta ce ai na mutum ɗaki ɗaya ne, ba huɗu ba irin na dabbobina. Sandata ta gangara tana bin hanji, ta zo ƙasa ta gefe, sai ga wani ɗan abu yana reto.

Na ce mai zanen nan ya yi ƙari, wannan babu shi. Ta ce akwai, afendis ke nan. Na ce yarinya, shekara sittin ina fiɗa ban taɓa ganinsa ba, kuma na nema. Ta yi dariyarta ta wasa. Ita abin da aka gaya mata kawai shi ne asibiti ne ya kashe kakarta.

"Kaka, ai ba za ka gan shi ba. Saniya ba ta da shi, tunkiya da akuya ma ba su da shi. Mu ne muke da shi."

Na ce ta nuna mini inda yake a jikin mutum, ba a takarda ba. Ta miƙe, ta lalubi cibiyarta ta kan hijabi, ta lalubi ƙashin ƙugu na dama, ta ɗora yatsa ɗaya a tsakani. Ta ce in ya kumbura daga cibiya ciwon yake farawa ya gangaro nan, kuma in an danna, sakin ya fi zafi. Tana ta bayani, ni ban ƙara jin komai ba. Ta tambaye ni ko lafiya, na ce zafin rana ne.

Washegari na sa aka kira mini ɗan acaɓa, na ce Kwanyawa. Duk hanya gonaki sun yi yaushi. Malam Haruna yana nan da ransa, idonsa ya tafi, yana zaune a zaure a kan buzu da carbi. Ya gane muryata. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi Sani, ya tambayi ruwa, na ce sai addu'a. Sannan na gaya masa. Na ce Malam, abin nan da likita ya faɗa akwai shi, dabba ce ba ta da shi. Na ce ba likita ba ne ya kashe Ladi, ni ne. Ban taɓa faɗar wannan da bakina ba sai ranar.

Na zaci zai ce Allah ya yafe mana, ya shafa addu'a a wuce wurin.

"Kwananta ne ya ƙare, wannan haka yake," ya ce. "Amma Garba, shekara arba'in kana nema a cikin saniya. Ita da yatsa ɗaya ta nuna maka."

Ya yi kira aka kawo mini ruwa. Na karɓi kofin na riƙe, ban iya sha ba.